BABI NA UKU: HANYOYIN ƘIDIDDIGA NA RARRABE ABUBUWAN DA SUKA CAKUƊA A HOTO MAI ƊIMBIN ZANGUNAN HASKE

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin ɗaukar hoton ƙasa daga sama da kuma ire-iren na'urorin da ake amfani da su. A wannan babi kuwa, za a duba wata matsala da ke fuskantar duk mai nazarin irin waɗannan hotuna, wato matsalar cakuɗa. Za a fara da ma'anar wasu muhimman kalmomi, sannan a bayyana yadda cakuɗar ke aukuwa, daga nan a kawo hanyoyin da masana suka samar don warware ta, musamman hanyoyin ilimin ƙididdiga. Daga ƙarshe za a kawo misalan wuraren da aka yi aiki da hanyoyin tare da nuna rauninsu.

3.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kasancewar wannan fanni baƙo ne a rubutun Hausa, ya zama wajibi a fayyace kalmomin da za a riƙa amfani da su.

(a) Zango: Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da matsakaicin zango. Shi ma haske haka yake tafiya, sai dai tsawon zangonsa ƙanƙane ne ainun, don haka ake auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan'adam yana ganin hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai.

(b) Hoto mai ɗimbin zangunan haske: Shi ne hoton da aka ɗauka a zanguna masu yawa, ƙanana, a jere ba tare da giɓi ba. Kyamara ta yau da kullum zango uku take ɗauka: ja da kore da shuɗi. Na'urar da ke kan tauraron ɗan'adam Landsat 5 na 1984 tana da zango 7. Amma na'urar AVIRIS ta hukumar NASA ta Amurka, wadda ta soma aiki a 1987, tana da zango 224, daga wajen nanomita 400 zuwa 2500, kowane zango faɗinsa kimanin nanomita 10.

(c) Ƙwayar hoto: Ita ce ɗigo mafi ƙanƙanta da hoto ya ƙunsa.

(d) Tambarin haske: Kowane abu yana shanye wani ɓangare na hasken rana, ya mayar da saura. Jerin alƙaluman da ke nuna kason da abu ya mayar a kowane zango shi ne tambarin haskensa.

(e) Tsantsa: Abu guda wanda bai cakuɗa da wani ba, kamar ruwa zalla ko ɗanyen ganye zalla ko wani ma'adini guda.

(f) Kaso: Gwargwadon filin da kowace tsantsa ta mamaye a cikin ƙwayar hoto.

3.2 Matsalar Cakuɗa

Idan aka ɗora AVIRIS a kan jirgin sama samfurin ER-2, wanda ke tashi zuwa nisan kilomita 20, kowace ƙwayar hoto tana wakiltar fili mai kimanin mita 20 a tsaye da mita 20 a kwance. Na'urar Hyperion, wadda aka harba a 2000 ta kuma daina aiki a 2017, ƙwayarta mita 30 ce, kamar dai PRISMA ta Italiya da aka harba a 2019 da EnMAP ta Jamus da aka harba a 2022. Mita 30 sau 30 ya ba da murabba'in mita 900. Da wuya a sami fili mai wannan girma wanda abu guda ne kaɗai a cikinsa. Za a tarar da ƙasa da duwatsu da ciyawa da inuwa. Na'ura kuwa ba ta da ikon bambance su, tambari guda take rubutawa na ƙwayar baki ɗaya.

Ashe ke nan aikin da ke gaban mai nazari gida uku ne. Na farko, ya gano tsantsa nawa ne a hoton. Na biyu, ya gano tambarin kowace. Na uku, ya ƙiyasta kason kowace a ko wace ƙwaya. Waɗannan matakai uku su ne ake kira rarrabewa.

3.3 Ire-iren Cakuɗa

Masana sun kasa cakuɗa gida biyu. Akwai cakuɗa ta shimfiɗe, akwai kuma cakuɗa ta sarƙe.

Cakuɗa ta shimfiɗe tana kama da a shanya gero da dawa da wake a kan tabarma ɗaya, kowanne a gefensa. Hasken da ya sauka a kan gero daga gero zai koma sama, bai taɓa wake ba. Wanda ya hangi tabarmar daga nesa zai ga launi guda, amma launin jimla ce kurum ta launukan ukun, kowanne gwargwadon filin da ya ci. A lissafe ana rubuta wannan kamar haka:

x = k1t1 + k2t2 + k3t3 + s

A nan, x shi ne tambarin da na'ura ta auna, t shi ne tambarin kowace tsantsa, k shi ne kasonta, s kuwa shi ne saura, wato kuskuren awo da duk abin da lissafin bai kama ba. Akwai sharuɗɗa biyu a kan kaso: ba zai gaza sifiri ba, kuma idan aka tara kasonnin ƙwaya guda tilas su ba da ɗaya cif. Adams da Smith da Johnson (1986) sun yi amfani da wannan tsari wajen nazarin duwatsu da ƙasar duniyar Mas daga hotunan da kumbon Viking 1 ya ɗauko, kuma aikin nasu yana daga cikin waɗanda suka yaɗa tsarin.

Cakuɗa ta sarƙe kuwa tana kama da a niƙa geron da dawar a haɗa garinsu wuri guda. A nan haske zai bugi ƙwayar wannan, ya ratsa ta wancan, kafin ya fito, saboda haka jimla ba za ta wadatar ba. Haka rairayi da ƙurar ma'adinai suke. Hapke (1981) ya samar da lissafin da ke bayyana tafiyar haske a cikin irin wannan gari. Duk da haka, mafi yawan hanyoyin da za a kawo a ƙasa an gina su ne a kan cakuɗa ta shimfiɗe, domin sauƙinta da kuma kasancewar takan kusanci gaskiya a filaye da dama.

3.4 Ƙiyasta Kaso ta Hanyar Mafi Ƙarancin Murabba'i

Idan an riga an san tambarin kowace tsantsa, abin da ya rage shi ne neman kaso. Bari a kawo misali da alƙaluman da aka tsara don bayani kawai. A ɗauka cewa ɗanyen ganye yana mayar da 0.05 na jan haske da 0.50 na hasken infirared na kusa, ƙasa kuma tana mayar da 0.25 da 0.30. Idan ƙwaya ta ƙunshi ganye 0.40 da ƙasa 0.60, to a jan zango za a sami (0.40 × 0.05) + (0.60 × 0.25) = 0.17, a ɗaya zangon kuma (0.40 × 0.50) + (0.60 × 0.30) = 0.38.

To amma na'ura ba ta rasa kuskure. A ce ta auno 0.16 da 0.37. Wanda ya dogara da jan zango kaɗai zai ce kason ganye 0.45 ne, wanda ya dogara da ɗayan kuma zai ce 0.35 ne. Wanne za a ɗauka? A nan ne ilimin ƙididdiga ya shigo. Hanyar mafi ƙarancin murabba'i, wadda Legendre ya wallafa a 1805, Gauss kuma a 1809, ta tanadi cewa a gwada kaso, a cire abin da lissafi ya bayar daga abin da aka auna a kowane zango, a ninka kowane bambanci da kansa, a tara. Kason da ya ba da jimla mafi ƙanƙanta shi ne amsa. A misalin nan, 0.45 ya ba da 0.0004, haka ma 0.35, amma 0.40 ya ba da 0.0002, kuma babu wanda ya kai shi ƙanƙanta. Idan zango biyu sun iya gyara wa juna kuskure haka, ina ga zango ɗari biyu? Wannan shi ne babban amfanin yawan zanguna.

Sai dai idan aka bar lissafin sakaka, yakan ba da amsar da hankali ba zai ɗauka ba, kamar a ce kason ruwa ya gaza sifiri ko kason ƙasa ya haura ɗaya. Heinz da Chang (2001) sun gabatar da hanyar da ke tilasta wa lissafin kiyaye sharuɗɗan nan biyu a lokaci guda, kuma ta zama ma'aunin da ake gwada sababbin hanyoyi da shi.

3.5 Rage Yawan Alƙaluma da Gano Adadin Tsantsa

Zangunan da ke maƙwabtaka da juna kusan labari guda suke bayarwa, don haka akwai maimaici mai yawa a cikin hoton. Hanyar nazarin manyan ginshiƙai, wadda Pearson (1901) da Hotelling (1933) suka aza harsashinta, tana harhaɗa zangunan ta fitar da sababbi kaɗan waɗanda suka ɗauke mafi yawan bambancin da ke tsakanin ƙwayoyi. Green da abokan aikinsa (1988) sun inganta ta, inda suka jera ginshiƙan bisa ga tsabtarsu daga kuskuren awo.

Wannan mataki yana taimakawa wajen sanin adadin tsantsa. Chang da Du (2004) sun bi ta hanyar gwajin ƙididdiga, inda ake tambayar kowane ginshiƙi ko saƙo ne na gaske ko kuskure ne kawai. Bioucas-Dias da Nascimento (2008) kuma suka kawo hanyar da aka fi sani da HySime, wadda ke fara ƙiyasta kuskuren kowane zango ta hanyar kwatanta shi da sauran zanguna. Muhimmancin matakin a bayyane yake: idan aka ƙirga tsantsa ƙasa da yadda suke, za a danna wani abu cikin kason wani, idan kuma aka zarce, kuskuren na'ura zai fito a taswira da sunan ma'adini.

3.6 Hanyoyin Neman Kusurwa

Idan aka zana ƙwayoyin hoto a takardar jadawali, zango ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, kuma tsantsa uku ne a filin, to duk ƙwayoyin za su faɗa cikin alwatika wadda tsantsar nan uku ne kusurwoyinta. Sharuɗɗan kaso ne suka jawo haka. Idan tsantsa huɗu ne sai siffar ta koma dala mai kusurwa huɗu, haka dai abin yake ci gaba. Saboda haka neman tsantsa ya koma neman kusurwa.

Boardman da Kruse da Green (1995) sun yi amfani da dubban layuka da kwamfuta ke zanawa barkatai, ana duba ƙwayar da ta fi yawan faɗowa a ƙarshen layi. Winter (1999) ya kawo N-FINDR, wadda ke neman ƙwayoyin da idan aka haɗa su za su ba da siffa mafi girma. Nascimento da Bioucas-Dias (2005) suka kawo VCA, wadda ke tsamo kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Dukkan ukun sun ginu ne a kan zaton cewa kowace tsantsa tana da aƙalla ƙwaya guda a hoton wadda ita kaɗai ce a ciki. Craig (1994) ya kauce wa wannan zato ta hanyar neman siffa mafi ƙanƙanta da za ta kewaye dukkan ƙwayoyi, amma shi ma yana buƙatar a sami ƙwayoyi a gefunan siffar.

3.7 Hanyoyin Ƙididdiga Zalla

Idan cakuɗa ta yi tsanani, ƙwayoyin duk sukan taru a tsakiyar siffa, babu na kusurwa babu na gefe. A irin wannan hali hanyoyin da aka ambata a sama sukan ba da tsantsar ƙarya, wato su ɗauki cakuɗaɗɗen abu su kira shi zalla. Mafita ita ce a ɗauki kaso a matsayin abu mai canzawa wanda ke bin wata ƙa'idar yiwuwa, a nazarci yadda ƙwayoyin suka watsu, a gano kusurwoyin da ba a gani ba.

3.7.1 Nazarin Ginshiƙai Masu Zaman Kansu

Comon (1994) ya daidaita ƙa'idojin wannan hanya, kuma ta yi fice wajen raba muryoyin mutanen da suka yi magana lokaci guda. Sharaɗinta shi ne kada wata majiya ta dogara da wata. An gwada ta a kan hotuna, amma Nascimento da Bioucas-Dias (2005) suka nuna cewa sharaɗin bai cika ba a nan. Dalili kuwa shi ne, tun da jimlar kaso ɗaya ce, da zarar kason ganye ya ƙaru dole na ƙasa ya ragu. Sakamakon haka, hanyar takan gano wasu tsantsa daidai ta kuma ɓata wasu.

3.7.2 Rarrabewa Marar Alƙaluman Ƙasa da Sifiri

Lee da Seung (1999) ne suka yayata wannan hanya. Ana fasa babban jadawalin hoto zuwa ƙananan jadawali biyu, ɗaya na tambari ɗaya na kaso, da sharaɗin kada a sami alƙalamin da ya gaza sifiri a cikinsu. Sharaɗin ya dace da ɗabi'ar haske da ta kaso. Rauninta shi ne amsa ba guda ba ce, domin alwatika daban-daban na iya kewaye ɗigo iri ɗaya. Don haka akan ƙara mata wani sharaɗi, kamar fifita siffa mafi ƙanƙanta.

3.7.3 Hanyar Bayes

An gina wannan hanya a kan ƙa'idar Thomas Bayes wadda aka wallafa a 1763 bayan mutuwarsa. Mai nazari yana shigar da abin da ya sani tun farko, misali sharuɗɗan kaso biyu da yanayin kuskuren na'ura, sannan alƙaluman hoto su gyara wannan sani. Ƙa'idar yiwuwa ta Dirichlet ta dace da aikin, domin alƙalumanta ba sa gaza sifiri kuma jimlarsu ɗaya ce. Dobigeon da abokan aikinsa (2009) sun nuna yadda za a ƙiyasta tsantsa da kaso a lokaci guda, ta hanyar sa kwamfuta ta yi ta zaro amsoshi masu yiwuwa har dubbai, sannan a ɗauki matsakaicinsu.

Fifikon wannan hanya shi ne ba ta tsaya ga ba da amsa kawai ba, tana nuna gwargwadon tabbacin amsar. Akwai bambanci babba tsakanin a ce kason wani ma'adini yana tsakanin 0.38 da 0.42, da a ce yana tsakanin 0.15 da 0.65, ko da yake matsakaicin duka biyun 0.40 ne. Wanda zai kashe dukiya wajen haƙa ya kamata ya san wanne aka ba shi. Rauninta kuwa shi ne cin lokacin kwamfuta, sannan idan sanin farko da aka shigar karkatacce ne, amsa ma za ta karkata.

3.7.4 Dogaro da Rumbun Tambari

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta tara tambarin ɗaruruwan ma'adinai da aka auna a ɗakin gwaji. Iordache da Bioucas-Dias da Plaza (2011) sun nuna yadda za a sa lissafi ya zaɓo 'yan kaɗan daga rumbun waɗanda suka isa su bayyana kowace ƙwaya. Tun kafin nan, Roberts da abokan aikinsa (1998), a nazarin tsirran tsaunukan Santa Monika na Kalifoniya, sun bar kowace ƙwaya ta zaɓi nata tsantsa daga cikin tarin samfura, saboda ko ganyen itace iri guda yakan bambanta gwargwadon danshi da shekaru.

3.8 Misalan Aiki da Hanyoyin

Filin Cuprite da ke jihar Nebada ta Amurka ya zama zakaran gwajin dafi ga kusan kowace sabuwar hanya, musamman hoton da AVIRIS ta ɗauka a 1997. Wurin busasshe ne, tsirrai kaɗan ne, kuma masana sun riga sun taka shi da ƙafa sun san ma'adinansa. Akan cire zangunan da tururin ruwa na sararin sama ya ɓata, wajen nanomita 1400 da 1900, da waɗanda kuskure ya yi wa yawa, a bar 188. A can, kawolinayit, babban sinadarin farar ƙasa, yana shanye haske a wurare biyu makusanta daura da nanomita 2160 da 2200. Alunayit a wajen 2170. Kalsayit kuma a wajen 2340. Ido ba zai ga wannan bambanci ba, haka ma na'ura mai zango 7.

Misali na biyu ya shafi yankinmu. A watan Yulin 2022 aka kai na'urar EMIT tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa domin tantance ma'adinan busassun yankunan da ƙura ke tashi. Ƙwayarta kimanin mita 60 ce, wato murabba'in mita 3,600. Daga cikin manyan mafarin ƙura a duniya akwai kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki ne, inda iskar arewa maso gabas da ke ratsowa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ke kwasar ƙasa, kuma yana daga cikin wuraren da ke samar da hazon hunturu na Afirka ta Yamma. Ƙurar da ke da sinadarin ƙarfe da yawa, kamar hematayit da gotayit, takan shanye hasken rana ta ɗumama iska, farar ƙura kuwa takan mayar da shi. Sanin ko ƙura na ƙara zafin duniya ko tana rage shi ya dogara ne a kan kason waɗannan ma'adinai, kuma ba za a san kason ba sai an ware ƙasa daga ɗanyar ciyawa da busasshiya a kowace ƙwaya.

3.9 Raunin Hanyoyin Gaba Ɗaya

Na farko, dukkansu suna buƙatar a fara cire tasirin iska da tururi da ƙura daga hoto. Kuskure a wannan mataki yakan bi lissafi har ƙarshe. Na biyu, idan tambarin tsantsa biyu sun yi kama ƙwarai, ɗan kuskure kaɗan ya isa ya juyar da kaso daga wannan zuwa wancan. Na uku, ƙanƙantar saura ba hujja ba ce ta ingancin amsa, domin duk wanda ya ƙara yawan tsantsa zai ga saura ta ragu ko da abin da ya ƙara babu shi a filin. Hausawa kan ce gani ya kori ji. Tilas ne a je filin a ɗebo samfuri a gwada da abin da taswira ta nuna.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa ƙwayar hoto takan ƙunshi abubuwa da dama, kuma rarrabe su yana bin matakai uku: sanin adadin tsantsa, gano tambarinsu, da ƙiyasta kasonsu. An ga cewa hanyoyin neman kusurwa sun fi sauri, sun kuma wadatar a inda ake da ƙwayoyi zalla, amma idan cakuɗa ta yi tsanani sai an koma ga hanyoyin ƙididdiga. Ra'ayin wannan bincike shi ne, a duk inda za a yanke hukunci bisa ga taswirar kaso, ya kamata a fifita hanyar da ke bayyana gwargwadon tabbacinta, irin ta Bayes, ko da za ta ɗauki lokaci. A babi na gaba za a duba yadda ake auna ingancin sakamakon waɗannan hanyoyi.